Takardar Sakin Istifanus

A wani bene a unguwar Sharafiyya ta Jidda, shekarar 1994, akwai mutum uku da kowannensu ya rasa wani abu. Abdulghaffar, haifaffen Jidda mai aiki a tashar jiragen ruwa, ya rasa matarsa. 'Yarsa Mastura, mai shekara tara, ta rasa uwa. Maƙwabciyarsu Monika kuwa, nas ce daga Zonkwa, 'yar Katolika, ba ta da coci a garin, ba ta kuma da miji a gida. Shekara shida ke nan da mijinta Istifanus ya bi wata mace Legas.

Monika ke yi wa Mastura kitso. Ita ta yi jinyarta da ta yi ƙyanda. Tun daga nan yarinyar ta ƙudurta a ranta cewa ta sami uwa.

Shi ma Abdulghaffar ya ce Monika yake so ya aura. Turai, gwaggon Mastura, ce ta ƙi.

"Duk matan Jidda ka rasa sai matar wani? Ga Fatsuma 'yar ƙawata nan tana jiranka!"

 Sai Abdulghaffar ya roƙi wani alhaji mai komawa Najeriya ya nemo Istifanus har Legas, ya karɓo takardar saki.

Ranar Juma'a bayan la'asar, Monika na tsakiyar kitson Mastura, Abdulghaffar ya shigo fuskarsa cike da fara'a, Turai na binsa tana taɓe baki.

"Halas, magana ta ƙare, Monika! Ga shi ya rubuta, saki uku, har da sa hannun shaidu!"

Mastura ta ji yatsun da ke kanta sun tsaya.

Monika ta karanta takardar, ta sake karantawa, sai hawaye.

"Wa ya sa ka wannan wahalar, Baban Mastura?"

"So ne ya sa ni, habibti, masoyiyata. Ki yi iddarki, mu ɗaura. Ba zan taɓa hana ki addininki ba, wallahi!"

"Na sani... Amma mu ba ma saki."

"Ga shi kuwa a hannunki!"

"Takarda ce kawai. A gaban Fada na yi alkawari, sai mutuwa ta raba. Ko dubu ya rubuta, muddin yana numfashi, matarsa ce ni."

"Mutumin da ya watsar da ke?"

"Shi ya karya nasa. Ni nawa yana nan."

Turai da ta zo da shirin faɗa ta nemi kujera ta zauna.

Mastura ta juyo ta ƙanƙame Monika.

"Anti, ki ce wa Fadan ya yi haƙuri mana! Ni zan roƙe shi!"

"Ba Fada na yi wa ba, 'yata. Allah na yi wa."

Abdulghaffar ya ce, "Faɗa mini abu ɗaya. Ba kya sona?"

Ta rufe fuska da gyalenta.

"Da ba na sonka, da ban ce da asibiti kada su sabunta mini iƙamar zaman ƙasar nan ba... Tsoron kaina nake ji."

Bayan wata biyu suka raka ta filin jirgi. Turai ce ta ɗauki jakarta, ita ce kuma ta fi kowa kuka.

"Yalla, mu je gida," in ji Abdulghaffar, bai kalli kowa ba.

 A mota Mastura ta gane cewa Anti Monika tana son Babanta ƙwarai, kuma shi ya sa ba za ta dawo ba.