Ɗan'uwan Ratri

Da magariba Tarsih ta dawo daga gonar shinkafa, ta tarar da 'yarta Ratri tsaye a bakin ƙofa. Kifin da ke kan wuta ya ƙone, ƙauri ya cika gida. Ratri ko a jikinta. Bakinta sai motsi yake, tana tauna iska.

"Ke, lafiyarki?"

Kwaɗi sai kuka suke.

Daga ranar barci ya ƙaurace wa yarinyar. Ta yi dariya, ta yi ihu, ta sandare kamar itace. An kira Mbah Karto mai magani, ya yi turare, ya yi tofi. A banza, wallahi.

A asibitin Surabaya aka ɗebi ruwan bayanta. Likita ta ce, "Inna, ba iska ba ce. Jikinta ne ke yaƙar ƙwaƙwalwarta. Akwai ƙari a mararta, shi ya tayar da fitinar. Sai mun cire."

Tarsih ta gyaɗa kai kawai.

Ana gobe aiki, ana kiran magariba, tana shafa wa Ratri mai a ƙafa. Na'ura na ƙit, ƙit. Taunar ta tsaya cak.

"Inna."

Muryar ba ta Ratri ba ce. Ta yaro ce, siririya.

"Ina fitilata?"

Tarsih ta tuna. A garinsu mabiyiya ɗan'uwan jariri ce, ana binne ta a bakin ƙofa a kunna mata fitila. Ta Ratri kuwa ambaliya ta tafi da ita tun ranar suna.

Hannu ya damƙe wuyan hannun Tarsih. Sanyi ƙalau.

"Duhu, Inna. Shi ya sa na shigo."

Da ƙyar ta fizge, ta zube a baranda.

Bayan aiki likita ta nuna mata abin a kwalba. Curin gashi ne, da haƙori guda.

"Wa ya sa mata wannan?"

"Ba kowa, Inna. Da shi aka haife ta. Yakan faru."

An yi ta ƙarin ruwan magani wata da watanni, Ratri ta miƙe. Tana ci, tana salla, ga ladabi har ya yi yawa. Sai dai ba ta tuna ƙawayenta, ba ta tuna hanyar gona. Likita ta ce a yi haƙuri, tunaninta zai dawo.

Jiya Ratri ta ɗago kai daga kwanon shinkafa.

"Inna, me ya sa kike kallona haka?"

Tarsih ta kawar da kai. Tsoro take ji. Ba ta san wanne aka cire ba, Ratri ko ɗan'uwan.