Awa Shida Zuwa, Ashirin Dawowa

Ko takalmin aiki Auta ba ta cire ba Umma ta kira ta ɗaki. Wuni guda tana tsaye a teburin awon kaya na filin jirgi, ƙafafu sun yi suntum, ga 'yar goggon saurayinta Injiniya zaune a bakin gado riƙe da waya, tana murmushin da bai kai zuci ba. Wa bai san yarinyar nan ta daɗe tana son ɗan kawun nata ba?

"Awa nawa kuka ce min?" in ji Umma.

"Shida..." in ji Auta.

Haka Injiniya ya faɗa ranar da ya zo da maganar aurensu da ta aikin da ya samu a ƙetaren teku. Har ga Allah ba ƙarya ya shirya ba. Tikiti ya duba: tashi goma na safe, sauka huɗu na yamma. Bawan Allah bai taɓa hawa jirgi ba, ina zai tuna agogon can yana baya da awa bakwai? Auta da ke buga tikitin nan kullum ta san awa goma sha uku ne cur, amma ta yi gum. So ne, me za ta ce?

Yanzu munafukar ta nuna wa Umma jirgin dawowa: a tashi goma na safe, a sauka shida na safiyar gobe.

Ashirin.

Auta ta yi bayani har muryarta ta dushe, cewa nisan ɗaya ne, agogo ne ya bambanta. Umma ta gyara hannunta na hagu, wanda bai ƙara motsi ba tun ciwon bara.

"Ni ban san agogo ba, 'yar nan. Zuwa kowa ya iya. In aka kira ki da safe aka ce jikina ya tashi, yaushe za ki shigo ɗakin nan?"

"Washegari..."

"To."

Ba ta hana ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi sauƙi.

Auta ce da kanta ta ce ba za ta bi shi ba. Injiniya ya yi roƙo har ya gaji. Ya ce zai samo mai jinya. Auta ta ce mai jinya ba ta san yadda Umma ke son a juya ta ba, yayyenta kuma kowacce da gidanta. Shi ma ba ta ce ya bar aikin da ya sha wuya kafin ya samu ba. Duk sun gaji, babu mai laifi, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ranar tafiyar, kamar da gayya, layinta ya bi.

"Masoyiyata..."

"Fasfo," ta ce, idonta a kan na'ura.

Akwati ɗaya ya ɗora a sikeli. Ta liƙa masa takarda.

"Ki ce in fasa. Wallahi sai in fasa."

Ta so ta ce, Allah ya sani ta so.

"Na ba ka kujerar bakin hanya, ka samu miƙe ƙafa. Tafiyar da nisa, ran nawa."

Ta miƙa masa tikitin, ta goge ido da gefen hijabi, ta ɗaga wa na bayansa hannu.