Cokalin Mufida

Zulaihat na zaune a kan tabarma a tsakar gidansu na Gyaɗi-Gyaɗi, kofin kunu a hannu, 'yarta Mufida a cinya, sai faman lallashi take yi. Yarinyar ta cika wata shida, lokacin fara cin abinci ya yi, amma da cokali ya doshi bakinta sai ta kau da kai ta shiga laluben rigar uwarta. An gwada kunun gero, an gwada dafaffen dankali da aka murƙushe, an gwada ayaba, duk a wuyan riga suke ƙarewa. Abin da ya fi ci wa Zulaihat rai, ita nas ce, ita ke koya wa mata wannan aiki a asibiti, ga shi hutunta na haihuwa ya kusa ƙarewa.

Mijinta Garzali ya dawo daga shagonsa na kayan waya ya tarar da ita tana share hawaye. Ya karɓi yarinyar da kofin, ya ce ta shiga ɗaki ta huta. Ta taga Zulaihat ta hango shi yana juya cokali a sama yana kwaikwayon kukan a-daidaita-sahu, Mufida ta buɗe baki tana dariya, kunu ya shige. Kafin a jima kofin ya yi rabi. A nan suka gane lamarin: muddin tana jin ƙanshin uwarta, nono kawai take so.

Daga ranar Garzali ya mai da shi aikinsa. Safe da yamma yakan leƙo gida ya zauna a tabarma, Zulaihat ta dama ta miƙa masa, ta ɓuya bayan labule tana kallonsu, tana jin son mijinta na ƙara shiga ranta.

Ana haka wata yamma mahaifiyarsa Hajiya Delu ta taso daga Tarauni ba sanarwa. Ta tarar da ɗanta zaune dirshan, gaban rigarsa duk kunu, matarsa kuwa tana ɗaki. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara faɗa. Ta ce dama 'yan uwa sun daɗe suna gaya mata an mallake mata ɗa tana ƙaryatawa, yau ga shi idonta ya gane mata. Zulaihat ta fito ta durƙusa za ta yi bayani, Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Garzali, in dai ni na haife ka, kada in ƙara jin ka riƙe cokalin nan. Mace na gida, namiji na raino?"

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Bayan tafiyarta ya kasa haɗa ido da matarsa. Da ya ce ko su ci gaba a ɓoye, ita ce ta hana shi.

"A'a, Abban Mufida. Ba za ka saɓa wa Hajiya a kaina ba. Allah zai kawo mafita."

Amma mafitar ba ta zo da wuri ba. Mufida ta koma ƙin abinci, da aka kai ta awo sikeli ya nuna ta tsaya. Wata ƙawar Zulaihat ta ba ta shawarar ta yi yaji ta tafi gidan iyayenta a Daurawa, sai an biyo ta da ban haƙuri. Zulaihat ta yi kukanta ta ƙoshi, amma ba ta tafi ba. Da safe ta dama kunu ta zuba a fulas, ta goya yarinya, ta hau a-daidaita sai Tarauni.

Ta gaida Hajiya a ladabce, ta ce ita dai ta gaza, ta zo ne a taimake ta, don yarinyar ba ta karɓa daga hannunta. Hajiya ta harare ta, amma da ta ɗauki jikarta ta ji yadda ta yi shafal, sai ta sassauto. Ta ce a miƙo kofin. Zulaihat ta roƙe ta kada a yi ɗura, ta fice ta laɓe a kicin. Da kyar Mufida ta karɓi ɗan kaɗan, amma ta karɓa.

Haka Zulaihat ta riƙa zarya kullum, har bayan ta koma aiki. Hajiya da idonta ta ga cewa da uwar ta leƙo, yarinya sai ta rufe baki. Ta daina harara, ta fara tambayar me ake zubawa a kunun, har ta soma daka ƙullun da kanta tana kiran Mufida ƙawarta. Kumatun yarinya suka ciko.

Wata Juma'a Garzali ya zo gaisuwa, ya tarar Mufida ta tubure ta ƙi ci, Hajiya ta yi lallashin duniya har ta gaji. Da yarinyar ta ga ubanta sai ta miƙa masa hannu tana zillo. Ya tsaya daga bakin ƙofa bai matso ba. Hajiya ta dube shi, ta dubi Zulaihat da ke leƙe daga kicin.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Zo ka karɓe ni, bayana ya ƙage. 'Yarka ce ai." Sannan ta juya ga surukarta murya ƙasa-ƙasa. "Ke kuma, Allah Ya yi miki albarka. Da wata ce, da tuni an ji kanmu a unguwa."

Garzali ya zauna kusa da mahaifiyarsa ya ɗaga cokali, Mufida ta wangale baki tun kafin ya iso.

Abin da gardama da yaji ba za su samo wa Zulaihat ba, haƙuri da girmama iyayen miji sun kawo mata shi: 'yarta ta ƙoshi, mijinta bai saɓa wa uwarsa ba, ita kuma ta sami uwa ta biyu a Tarauni.