Babur ɗin Sammani

Da la'asar sakaliya Hambali makanike ya shimfiɗa buhu a tsakar gidansa a Kura, ya jera haƙoran giyar tsohon babur ɗin da amininsa Sammani ya kawo masa gyara daga Bunkure. Babur ɗin ya daɗe jingine a gindin wata tsamiya, kafin katafila ta tuge ta don haƙa hanyar ruwan noman rani. Ya wanke kowane haƙori da kananzir, ya mayar da shi mazauninsa, ya rufe murfin giyabos, ya bi notuna da sifana yana ɗaurewa.

Ana kiran magariba ya ji ƙwas a kan rufin kwano. Abin ya gangaro gabansa. Noti ne, da maiƙonsa. Ya waiwaya, murfin a buɗe, notunan duk sun kwance.

Kullum rana ta faɗi sai jifan ya dawo. Gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Ran Alhamis 'yarsa Saude ta faɗi a bakin murhu, ta tashi da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Jaji. Ya yi ta karatu a kanta har ta jiƙe da gumi.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai tsamiya. An rushe min gida, na fake a ƙarfen nan. Gidan Sammani na fara addaba. Shi ya ce in ƙyale iyalinsa, zai kai ni gidan da ya fi nasa sanyi."

Hambali ya waiwayi babur ɗin. Tare aka yi musu kaciya da Sammani.

Aljanin ya nemi a bar masa babur ɗin, Malam ya ƙi, ya ce ya koma kukar da ke bayan gonakin shinkafa.

"Na yarda. Amma a rufe ƙarfen da kyau, kada in ga ƙofa in dawo."

Saude ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

"Aljani kan yi ƙarya, Hambali," in ji Malam. "Kada ka yi saurin zargi."

Washegari Hambali ya haɗa giyar, ya matse kowane noti har hannunsa ya yi kanta, ya hau zuwa Bunkure yana fatan ƙaryar ce. Sammani na hango shi ya zabura, ya tare bakin zaure da hannu biyu.

"Tsaya nan! Kada ka shigo min da shi gida!"

Hambali ya kashe injin, ya jingine babur ɗin a jikin katanga, ya kama hanyar Kura a ƙasa.