Notin Ɗan Jagora

A wani ƙauye na arewacin Sweden akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ba ta da ƙiwa, ba ta da rashin kunya. Aibinta ɗaya ne, komai nata da gudu take yi. Ko shayi aka ba ta, sai ta ƙona baki.

Kakanta Sixten yana zaune a wani tsohon gidan gona a bakin daji. Babu abin da yake so a duniya kamar ɗaukar hoton taurari. Amma tsufa ya cim masa, hannayensa sun fara rawa. An riga an sayar da gidan. A watan Yuni zai koma gidan tsofaffi a cikin gari, inda fitilun titi suke dusashe hasken taurari.

Burin Kaka ɗaya ne kafin ya tashi. Akwai wani gungun taurari mai naɗi kamar gammo. Yana so ya ɗauki hotonsa daga tsakar gidansa, ya rataye a sabon ɗakinsa. Duk lokacin sanyi gajimare ya hana shi. Ga Afrilu ya yi nisa, a yankin kuwa da an wuce tsakiyar Afrilu, dare ya daina duhu sai Satumba.

Wata ranar Asabar sama ta washe tas. Kaka ya kira jikarsa ta zo ta zama hannayensa.

Da yamma suka fito da kaya. Suka kafa injin da ke juya madubin hangen nesa, suka ɗora babban madubi mai kyamara. Saura ƙaramin madubi, wanda ake ɗorawa a bayan babban cikin zobba biyu. Kaka yana kiransa Ɗan Jagora.

Ya sake yi mata bayani, ko da yake ta sha ji. Taurari ba sa tsayawa wuri ɗaya, kyamara kuma tana buƙatar ta daɗe tana kallo. Ɗan Jagora shi ke kafa wa tauraro ɗaya ido, yana gaya wa inji ya matsa nan ko can.

"Dole su zama abu ɗaya, shi da babban," in ji Kaka. "In ƙaramin ya zame, inji zai bi shi, babban ya ɓata. Cire safar hannun nan, uwar gaggawa. Da sifana ake ɗaure noti, ba da ulu ba."

"Kaka, sanyi fa ake yi."

"Sanyin bai taɓa cinye yatsan kowa a gidan nan ba."

Ya shiga ciki ya ɗora ruwan kofi a wuta. Yarinya ta ɗaure notin zoben gaba tam. Ƙarfen yana cizon yatsu. Sai ga ƙawarta Tuva a bakin shinge, tana jan katakon zamiya. Ta ce kowa yana kan tudu, kuma dusar ƙanƙara ta kusa narkewa, wataƙila yau ce zamiya ta ƙarshe.

Yarinya ta mayar da safar hannunta. Ta murza notin zoben baya da yatsu har ta ji ya ɗan cije. Ta jefa sifana a akwati.

Kaka ya leƙo ta taga. "Kin ɗaure duka biyun?"

"Na ɗaure, Kaka."

Ta ruga.

Inji ya kwana yana aiki shi kaɗai. Kwamfuta kuwa ba ta nuna wata matsala ba, tun da Ɗan Jagora bai saki tauraronsa ba. Ba ta san shi kansa yana zamewa a hankali ba.

Da safe suka zauna su uku, da ita da Mamanta da Kaka. Mama ta gasa burodi mai kirfa don murna. Kaka ya buɗe hoton farko. Taurarin ba su fito ɗigo-ɗigo ba. Kowanne ya ja jela kamar tsutsa. Ya buɗe na biyu, haka. Ya bi su har na ƙarshe, babu mai kyau ko ɗaya.

Kaka ya rufe hoton ƙarshe. Can ya ce, "Ni ne. Tabbas na saita injin ba daidai ba. Da can hannu ne kawai, yanzu har kaina ya fara tafiya."

Mama ta ce kada ya faɗi haka. Yarinya ta sunkuyar da kai. Ta ce a ranta gobe za su sake, ta ɗaure notin, babu wanda zai sani.

Gobe ta zo da gajimare. Jibi ma haka. Ranar da sama ta sake washewa, dare ya riga ya yi fari. Duhu ya tafi.

Aka kwashe kayan gida. Kaka ya ce a zuba madubin a akwati a ba duk mai so, shi ya gama. Aka kai shi gidan tsofaffi. Bangon ɗakinsa fari fat, babu komai a jiki. Da can in ya fara hirar taurari sai an roƙe shi ya tsaya ya ci abinci. Yanzu sai ya zauna yana kallon inda ake ajiye motoci. In ya manta inda ya sa tabarau, sai ya ce, "Kun gani ko? Na gaya muku."

Wannan magana ita ta fi damun yarinyar. Ta daina cin abinci sosai. Ta daina zuwa wurin Tuva. Kullum tana tunanin ta lalata abin da ba zai gyaru ba. Gida ya zama na wasu, duhu ya tafi, Kaka ya daina yarda da kansa, duk a kan noti ɗaya. Baƙin ciki ya cika ta.

Ana gab da hutu, malamarsu Gunnel ta tsayar da ita bayan an tashi.

"Ke da kike riga kowa fita, yau ke ce ta ƙarshe. Me ke damunki?"

Yarinya ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, har da safar hannu da zamiya.

Malama ba ta ce mata "ba komai" ba. Ta ce, "Kin yi kuskure biyu. Noti shi ne ƙarami. Babban shi ne kin bar tsoho yana ɗauke da laifinki."

"To ai ya wuce, Malama. Ko na faɗa, hoton ba zai dawo ba."

"Hoton ban sani ba. Amma kakanki yana nan."

Ran nan ta ce Mama ta kai ta gidan tsofaffi. A mota ta gaya mata. Da suka isa, Mama ta ce ita ba za ta shiga ba, wannan magana tsakaninsu ce.

Yarinya ta tsaya a gaban Kaka.

"Kaka, ba kanka ba ne. Ni ce. Ban ɗaure notin baya da sifana ba. Na yi maka ƙarya."

Kaka ya dube ta. Ya tambaye ta wane zobe, ta ce na baya. Ya tambaya ko da safar hannu ta murza, ta ce e. Ya rufe ido yana lissafi a ransa.

"Shi ya sa duk jelar ta nufi gefe ɗaya," in ji shi a hankali. "Ashe saitina daidai ne."

Ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ba zai ɓoye mata ba. Amma ya riƙe hannunta bai saki ba.

A hanyar gida ta roƙi Mama su biya ta tsohon gidan. Ita da kanta ta ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon mutum mai suna Halvar, wanda ya sayi gidan, ya buɗe, rigarsa duk fenti. Ta gaya masa abin da ta yi, ta roƙi aron tsakar gidansa na dare ɗaya in duhu ya dawo.

Halvar ya sosa gemu. Ya ce to, amma da sharaɗi. Shi ma a ba shi hoton.

Jiran Satumba ya yi mata tsawo. Madubin yana gidansu, ba a ba kowa ba tukuna. Ta fito da shi daga akwati, ta yi ta koyon ɗorawa da saukewa a ɗakinta har hannunta ya saba.

Da duhu ya dawo, aka kawo Kaka tsohon gidansa, aka lulluɓe shi da bargo a kujera. Yarinya ta ɗaure zoben gaba, ta ɗaure na baya, ta girgiza Ɗan Jagora, bai motsa ba. Kaka ya saita inji da kansa, hannu na rawa amma kai garau.

Bayan cin abinci hoton farko ya fito a kwamfuta. Taurari ɗigo-ɗigo, ga gungun a tsakiya ya naɗe. Kaka ya matso da fuskarsa, ya daɗe yana kallo, yana share ido da gefen bargo.

"Wannan daga gidana ne," in ji shi.

Daga ranar yarinyar ta gane cewa aikin da aka ba ka, komai ƙanƙantarsa, a gama shi sosai kafin a tafi wasa. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kada wani ya kwana yana zargin kansa a kan laifinka.