Dutsen Hajiya Kaltumi

Da hantsin wata Litinin a 1976, Hajiya Kaltumi ta shigo komisariyar 'yan sandan Gure ta dire zobe a teburin Insfekta Fannami.

"Ɗana, wannan ba dutsena ba ne. Na kai wa Abarshi maƙerin azurfa gyara, ya musanya min."

'Ya'yanta duk sun ce ruɗin tsufa ne. Abin ya ci mata rai, don tun lokacin da fari ya cinye shanunsu, zoben nan kaɗai marigayi mijinta ya bar mata.

Fannami ya jujjuya dutsen, kore shar. "Hajiya, da me za ki gane naki?"

"Da rana kore ne. In an kunna fitila sai ya koma ja kamar zoɓo."

Fannami bai yi dariya ba. A makarantar 'yan sanda ta Yamai ya taɓa jin labarin aleksandirit, dutse mai sauya launi, dangin kirisoberil, ɗan'uwan wanda ake kira idon mage.

A maƙera, Abarshi ya rantse har da dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, abin da ta kawo shi na mayar."

"Fasasshiyar koriyar kwalbar nan ta bayan zugazugi fa?"

"Ta mai ce, ta suɓuce min."

"Har ta goge kanta a dutsen wasa wuƙa?"

Fannami ya ɗauki farantin korayen duwatsun ado da ke gaban rumfa, ya sa Abarshi da Hajiya suka bi shi ɗakin ajiya, ya ja ƙyaure, ya kunna fitila.

Dutsen zoben bai gezau ba, kwalba ce. A cikin farantin kuwa, ƙwaya ɗaya ta yi jawur.

Abarshi ya amsa laifinsa. "Magagarina ya kasa cinsa, na gane mai daraja ne, na ɓoye shi cikin korayen. Da rana nake aiki, ranka ya daɗe. Ban taɓa ganinsa a fitila ba."

Aka ɗaura masa ankwa, aka ratsa kasuwa da shi.

Fannami ya ji daɗi har ransa. Kaltumi kuwa ta damƙe dutsenta, ta dubi babban ɗanta Isa da ke raɓe a bakin ƙofar maƙerar.

"To, Isa, yanzu wa ya ruɗe?"