Farin Dutse a Kan Igiya

A tsibirin Inis Meáin akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, gwanar mafarkin ido biyu. In Malama Sorcha na koyarwa, ita hankalinta yana can wajen taga, yana bin gajimare a kan teku.

Ran nan dai kunnenta ya kama abu ɗaya. Malama ta ce a harshensu na Irish, in abu naka ne sai ka ce "liom". In kuma kana so kowa ya ji cewa naka ne, ba na wani ba, sai ka ƙara masa jela, ka ce "liomsa". Jelar nan ta yi wa yarinya daɗi. Fensir liomsa, kujera liomsa, har kyanwar maƙwabta ba ta tsira ba.

Aka kwana biyu ana iska. Da ta lafa, yarinya ta gangara bakin teku. Cikin ciyawar ruwa ta ga koren ƙwallon gilashi, irin wanda masunta ke ɗaura wa raga. Sai dai an ɗora farin dutse a kan igiyarsa. Ko jaririn tsibirin ya san dokar: abin da teku ya kawo, wanda ya fara ɗora masa dutse shi ke da shi. Ta duba hagu, ta duba dama, ta ture dutsen da ƙafa, ta ɗauke ƙwallon.

Yini ta yi tana leƙa cikinsa. Gidaje suka koma kore, shanu kamar suna iyo, katangun dutse suna lilo a hankali. Ta ji kamar duk tekun ne ta rungume.

Washegari ta kai shi makaranta, ta ɗaga sama ta ce, "Liomsa!"

Cóilín, ɗan ajinsu, ya ce shi ya ɗora dutsen, ya tafi kora shanu, ya dawo bai tarar ba. Kakarsa tana asibiti a birnin Gaillimh, can ƙetare, ba ta ganin teku, shi ya sa yake so ya kai mata a jirgin ruwa na yamma. Yarinya ta ce ita ba ta ga wani dutse ba. Lokacin tara ba wanda ya yi wasa da ita. Ta leƙa ƙwallon, ba ta ga komai ba sai fuskarta a karkace.

A gida Baba ya lura ba ta taɓa dankalinta ba. Da ya tambaya, ta faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "'Yata, kin ga katakon da muka ɗora wa dutse tun bara? Me ya hana a ɗauke shi?"

Ta ce, "Dutsen."

"Dutsen da ko akuya za ta ture? Kunyar juna ce ke tsare shi."

Sai ga ƙarar jirgi. Ta rungumi ƙwallon ta zura da gudu, ta iske Cóilín zai hau. Ta ce, "Na ga dutsenka, ni na ture. Ka yafe mini."

Ya karɓa yana dariya. "Zan ce wa Kaka ke kika goge shi har yake ƙyalli haka."

Ta tsaya tana ɗaga hannu har jirgi ya shige cikin hazo, zuciyarta wasai. Daga ranar ta gane cewa ɗaga murya ba ya mayar da kayan wani naka.